Babi na Shida: Kwamfutar da ke Tashi Bayan An Kashe Ta

A ofishin da ke da kwamfutar tebur ƙwaya ɗaya tak, akwai matsalar da kan sa ma'aikaci ya fara zargin kansa da mantuwa. Lokacin tashi ya yi, ya ba kwamfuta umarnin kashewa, allo ya yi baƙi, fanka ta yi shiru. Kafin ya gama laluben makulli a aljihu sai ya ji fankar ta sake ɗauka, tambarin Dell ko HP ya bayyana kamar yanzu aka shigo aiki. Wata kwamfutar ma ta fi wannan wayo. Takan bari a rufe ƙofa a tafi, sai da safe a iske ta a kunne, ɗaki ya ɗau zafi, batirin sola ya yi ƙasa.

A Yamai ko Kano abin haushi ne kawai. A wuri irin Dogo-Dogo kuwa asara ce da ake iya lissafawa. Dogo-Dogo ƙaramar hukumar karkara ce a kudancin jihar Damagaram, kusa da iyakar Najeriya ta ɓangaren Jigawa. Tana ƙarƙashin Magarya har zuwa 2011, lokacin da aka ɗaga Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta, aka mayar da Dogo-Dogo cikinta. A irin waɗannan ƙananan hukumomi aikin kwamfuta ba wasa ba ne: takardun haihuwa da wasiƙun ma'aikatar magajin gari, jerin sunayen ƴan makaranta, da rahoton wata-wata na gidajen likita, wanda a Nijar yake ƙarewa cikin manhajar DHIS2 da Jami'ar Oslo ta Norway ta ƙirƙira. Wutar da za a yi wannan aikin da ita kuwa ba tabbas gare ta ba. Yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana dogaro da layin da ke tasowa daga Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai a Maris 2024. A ƙauyuka dai dama sola ce da janareta.

Lissafin ba shi da wuya. A ce kwamfuta da allonta suna jan wat 50. In ta kwana a kunne awa 14, ta sha wat-awa 700 ke nan. Batirin mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce, amma in irin na dalma ne, rabin wannan kawai ya kamata a taɓa in ana son ya yi ƙarko. Dare ɗaya ya isa a wayi gari babu wutar buga takarda, dare talatin kuma sun isa a fara maganar sayen sabon batir.

Maganin da aka fi saurin kawowa shi ne fomat. A ɗora kwamfuta a kan kabu-kabu zuwa Dungas ko Magarya, in ta ƙi a wuce Damagaram, a goge komai, a zuba sabon Windows, a biya kuɗin aiki da na hanya. Sau da yawa a shagon mai gyara takan kwanta lafiya lau, domin can ba a sa mata wayar intanet ba, kuma ba wutar ofis take sha ba. Sai an dawo da ita, an mayar da kowace waya mazauninta, ta koma halinta. A nan ne wasu ke cewa bairos ne, wasu su ce na'urar ta tsufa. Galibi ba ɗaya daga ciki. Kwamfutar tana bin umarni ne, umarnin da wani ya ba ta shekaru da suka wuce a wata ƙasa.

Kafin 1995, maɓallin kwamfuta yana yanke wuta ne ɗungurungum. Waɗanda suka yi zamani da Windows 95 za su tuna da rubutun ruwan lemo da ke fitowa a ƙarshe, yana shaida wa mutum cewa yanzu yana iya kashewa da hannunsa. A wannan shekarar ce Intel ta fito da tsarin ATX, wanda ya sauya ma'anar kashewa. Tun daga nan akwatin wutar kwamfuta yana barin wani siririn layi mai bolt 5 a raye muddin fulogi na jikin bango. Mai buɗe kwamfuta zai gan shi, waya ce mai launin shunayya cikin damin wayoyin da ke shiga babban allon cikin kwamfutar. A ƙarshen 1996 Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar ACPI, wadda ta jera matakan barcin kwamfuta daga S0, wato tana aiki, zuwa S5, wato abin da kowa ke kira "an kashe". Ko a S5 ɗin akwai sassan da ba su mutu ba, kuma katin sadarwa yana iya zama cikinsu. Shi ya sa ake ganin ɗan haske kore ko ruwan ɗorawa yana ƙiftawa a bakin wayar intanet alhali allo baƙi ƙirin.

Kamfanin AMD, tare da Hewlett-Packard, shi ya ga amfanin wannan a 1995, ya tsara abin da ya sa wa suna Magic Packet. Intel da IBM suka ɗora a kai a 1997 da sunan Wake-on-LAN. Matsalar da suke son warwarewa ta manyan kamfanonin Amurka ce: ofis mai kwamfuta dubu, ana son sabunta musu manhaja da tsakar dare, ba kuma za a sa mutum ya bi hawa-hawa yana danna maɓalli ba. Sai aka shirya wani ɗan saƙo mai bayit 102. Bayit shida na farko duk FF ne, sauran kuma lambar MAC ta katin da ake nufi ce, a maimaita ta sau 16. Katin da ya ji lambarsa an jera ta haka sai ya taɓa babban allo, kwamfuta ta tashi. Kamar maigadi ne da aka ce masa kada ya tashi maigida sai in baƙo ya kira sunansa sau goma sha shida. Rikicin yana farawa ne ranar da maigadin ya fahimci cewa duk motsin da ya ji a ƙofa, ko na akuya ne, ya cancanci a buga wa maigida ƙofa.

Kwamfutocin da aka saita don irin wannan aiki su ne ke cika kasuwar gwanjo. Dell OptiPlex, HP EliteDesk, Lenovo ThinkCentre: na'urorin bankuna da jami'o'in Turai da Amurka ne da suka gama wa'adinsu, suka sauka a Legas, suka bi ta Computer Village a Ikeja, suka iso Beirut Road a Kano, daga nan suka haura arewa. Mai sayarwa yakan goge faifan ajiya, amma saitin BIOS ba a kan faifai yake ba, yana kan babban allo. Fomat sau goma ba ya taɓa shi.

Binciken farko ba ya buƙatar sukundireba. A zare wayar intanet daga bayan kwamfuta, a kashe, a zauna a jira. In ta kwanta, an kama mai laifi, ko aƙalla an san unguwarsu. In ta tashi duk da haka, katin sadarwa ya fita daga zargi, sai a zare firinta da filasha da linzami da duk abin da ke bakin USB, a sake gwadawa. Abu na biyu shi ne agogo. Mai gyaran da ya san aikinsa kan tambaya, "Malam, yaushe take tashi?" kafin ya taɓa komai, domin amsar rabin gyara ce. Wadda ke tashi cikin daƙiƙa biyu ko uku, kullum, ciwonta daban. Wadda ke tashi lokacin da aka kunna janareta daban. Wadda kuma ke tashi ƙarfe shida na safe cif-cif kowace rana, wannan agogon BIOS ne aka saita mata, abin da Dell ke rubutawa Auto On Time, kuma kashe shi aikin minti ɗaya ne.

A ce zare waya ya kwantar da ita. A Windows sai a shiga wurin kula da na'urori, wanda a kwamfutocin Nijar masu Faransanci ake rubutawa Gestionnaire de périphériques, a nemo katin sadarwa, a buɗe shafin sarrafa wuta. Akwai akwatuna biyu masu muhimmanci a nan. Ɗaya yana ba katin izinin tayar da kwamfuta, na ƙarƙashinsa kuma yana taƙaita izinin ga saƙon nan mai bayit 102 kaɗai. Ɗimbin kwamfutoci an yi wa na farko alama, an bar na biyu a wofi. Sakamakon shi ne duk wani saƙo da ya bi ta layi yana neman adireshin kwamfutar zai iya tayar da ita, kuma irin waɗannan saƙonni ba sa yankewa: rauta na tambayar wa ke nan, firinta na neman abokan hulɗa, wayar hannun wani ta shigo Wi-Fi tana gaida kowa. A shafin ƙarin saiti kuma akwai layuka biyu da ya kamata a kashe, Wake on Pattern Match da Wake on Link.

Wake on Link ɗin nan shi ne ya fi kawo matsala a halin karkara. Ma'anarsa kwamfuta ta tashi da zarar katin ya ji layi ya dawo. A ofishin Frankfurt layi ba ya ɗaukewa, don haka ba wanda ya damu da shi. A ofishin da rauta ke kan batirin da ke sauka da asuba ya farfaɗo da hantsi, ko kan janaretan da ake kunnawa bayan magariba, layi yana mutuwa ya dawo sau da dama a yini. Duk dawowar da ya yi, kati ya ce an kira shi. Kan waya da ya saki, ko ƙurar hunturu da ta cika bakin, su ma suna yin wannan aikin, layi ya yanke ya dawo cikin ƙiftawar ido ba tare da kowa ya lura ba.

Windows ma ta ƙara dagula lissafin. Tun daga Windows 8 a 2012, danna "kashe" ba ya kai kwamfuta S5 na gaskiya. Microsoft ta kawo saurin tashi, démarrage rapide a Faransanci, inda ake rufe manhajojin mutum amma a adana zuciyar tsarin da direbobinsa a faifai, domin gobe a tashi da wuri. Kamfanin ya ce a wannan yanayin ba ya barin katin sadarwa a shirye don tayar da kwamfuta. Sai dai BIOS da direbobin wasu katuna, musamman tsofaffi, suna da nasu ra'ayin, kuma inda ɓangarorin biyu suka saɓa nan ake samun kwamfutar da ke mutuwa ta tashi nan take. Gwajinsa a sauƙaƙe yake: a riƙe maɓallin Shift yayin danna kashewa, ko a rubuta shutdown /s /t 0 a baƙin allon umarni. Duka biyun kashewa ce cikakkiya. In ta kwanta ta wannan hanyar, sai a cire alamar saurin tashi a saitin wuta. Daƙiƙun da za a ƙara jira da safe ba su kai darajar batir ba. Umarnin powercfg /devicequery wake_armed yana jera duk na'urorin da ke da izinin tayarwa, powercfg /lastwake kuma yana faɗin wanda ya tayar da ita a karon ƙarshe, amma wannan na biyun ya fi amfani in daga barci ta tashi. Bayan cikakkiyar kashewa sau da yawa ba ya cewa komai.

Akwai wani mai laifin da ke shigar burtu, wanda a yankin Dungas da Magarya ya kamata a fara zarginsa tun kafin katin sadarwa. A cikin BIOS akwai saitin abin da kwamfuta za ta yi in wuta ta ɗauke ta dawo. Dell na kiransa AC Recovery, HP na kiransa After Power Loss. Zaɓi uku ne: ta zauna a kashe, ta kunna kanta, ko ta koma yadda take kafin ɗaukewar. Kamfanoni da yawa suna zaɓar na biyu domin na'urorinsu su dawo aiki ba tare da an taɓa su ba. A kai irin wannan kwamfutar inda ake sauya layi daga sola zuwa janareta da hannu, ko inda wuta ke raunana har akwatin wuta ya ɗauka an zare fulogi, za ta riƙa tashi duk lokacin da aka yi sauyin, ko da an kashe ta yadda ya kamata. Da yake rauta ma a lokacin take tashi, sai ido ya ga fitilunta na ƙiftawa, a ɗora wa intanet laifi. Zare waya shi ke raba gardama, domin wannan ba ruwansa da waya. Ana shiga BIOS ne da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo, daidai lokacin da tambari ya bayyana.

In an gyara saitin, bayan kwana biyu ya koma yadda yake, kuma agogon kwamfuta na nuna wata shekara da ta daɗe da wucewa, to ƙaramin batirin babban allo ne ya mutu. CR2032 ne, mai bolt 3, irin wanda ake sa wa rimot ɗin mota da ma'aunin sukari. Na'urar da ta haura shekara goma da wuya a ce nata na asali yana da sauran rai.

Wani lokacin kuma ba tashi take yi ba, faɗuwa take. Direba ya rikice a daidai lokacin rufewa, Windows ta yi shuɗin allo, da yake an saita ta ta sake kunna kanta bayan irin wannan haɗari, sai abin ya wuce kafin ido ya gani. Kundin abubuwan da suka faru yana tona wannan: lamba 1074 na nuna wanda ya nemi a kashe ko a sake kunnawa, 41 na nuna an mutu ba shiri, 1001 kuma shaidar shuɗin allo ce. Maganinsa direban katin daga shafin Intel ko Realtek ko na kamfanin da ya ƙera kwamfutar.

Masu Linux suna da nasu labarin, kuma yawansu zai iya ƙaruwa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar na'urorin Intel da suka girmi ƙarni na takwas, wato akasarin abin da ke kasuwar gwanjo. A Linux, umarnin ethtool yana nuna halin kati da haruffa: g saƙon tayarwa kaɗai, p motsin layi, u da b da m nau'o'in saƙonni na yau da kullum, d kuma a kashe gaba ɗaya. Wanda ya ga wani harafi ban da g ko d ya ga matsalarsa. Amma akwai wata cuta da ta fi wannan ban mamaki, wadda ta shafi wasu alluna masu ƙwaƙwalwar Intel na 2012 zuwa 2014, waɗanda ake kira Panther Point da Lynx Point, zamanin OptiPlex 7010 da 9020 da EliteDesk 800 G1. A wasu daga cikin allunan wannan zamani, da zarar an kunna tayarwa ta layi a BIOS, sai sashen kula da USB 3 ya riƙa aika siginar tashi ta ƙarya a daidai lokacin mutuwa. Kwamfuta ta mutu, daƙiƙa kaɗan ta dawo. Katin sadarwa bai yi komai ba, ƙofar da aka buɗe dominsa ce wani ya bi. Masu rubuta Linux sun san da zancen, har sun tanadi gyara guda biyu, masu lamba 8192 da 262144. In aka haɗa su aka rubuta xhci_hcd.quirks=270336 a layin tayar da tsarin cikin GRUB, sau da yawa magana ta ƙare. Sabunta BIOS ma yakan magance ta, amma kada a kuskura a fara shi a kan wutar da ba a amince da ita ba. In ta ɗauke ana tsakiyar aikin, babban allon na iya tafiya ke nan.

Saura tambayar da ta fi duk waɗannan: wa ke buƙatar tayar da wannan kwamfutar daga nesa? A takarda abin sha'awa ne. Ma'aikacin fasaha yana zaune a Damagaram, ya tayar da kwamfutar Dogo-Dogo da dare, ya gyara, ya kashe, ba tare da ya sha ƙurar hanya ba. A aikace saƙon tayarwa ɗan cikin gida ne, ana watsa shi ga na'urorin da ke kan layi ɗaya, ba ya tsallake rauta da kansa. Intanet ɗin da ke zuwa ta layin Airtel ko Moov ko Zamani kuma yakan haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, ta yadda ba a iya ƙwanƙwasa wa ofis ƙofa kai tsaye daga waje. Starlink, da ta fara aiki a Nijar a hukumance a Maris 2025, ita ma haka take yi a tsarinta na gama-gari. Kafin abin ya yiwu sai an ajiye wata ƙaramar na'ura a ofis wadda ba ta barci, kamar Raspberry Pi ko rauta mai wannan damar, ita ce za a shiga daga nesa ta aika saƙon daga ciki. Ofis nawa ne ke da wannan shirin? Ga shi kuma saƙon a asalinsa ba shi da kalmar sirri, duk wanda ke kan layin kuma ya san lambar MAC zai iya aika shi.

Turai ma da kanta ta ja da baya. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta taƙaita wutar da na'ura za ta sha tana kashe, daga wat ɗaya a 2010 zuwa rabin wat a 2013. Wannan ne ya sa ake ganin saitin ErP a BIOS, ko Deep Sleep Control a Dell, ko S5 Maximum Power Savings a HP. Kunna shi yana yanke wa katin sadarwa wuta bayan kashewa, hasken bakin waya ya mutu, babu sauran mai jin kira. Ga ofishin karkara wannan shi ne saitin da ya dace: a kashe tayarwa ta layi, a kunna barci mai zurfi, a ce wa kwamfuta ta zauna a kashe in wuta ta dawo. Inda aka tabbatar akwai mai amfani da tayarwar, a bar saƙon mai bayit 102 shi kaɗai, a rufe sauran. Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, babu saitin da ya kai zare fulogi da wayar intanet kafin a tafi gida, domin tsawa ba ta duba BIOS, kuma doguwar wayar da aka ja daga wannan gini zuwa wancan hanya ce a gare ta.

Wanda ya gama gyaran ya rubuta saitin da ya sauya a ƴar takarda ya manna a gefen kwamfutar, da kwanan wata. Ranar da aka canja batirin CR2032, a na'urori da yawa BIOS yakan koma saitin masana'anta, kuma wanda zai zauna a kujerar a lokacin ba lalle ne ya zama wanda ya yi gyaran ba.